Yadda Ciwon Daji Ke Keta Darni

Duk wanda ya tashi a Dandin Mahe kamar ni ya san dabarar uwayenmu mata idan aka kawo musu naman tsohuwar saniya: sai su naɗe shi da ganyen gwanda su ajiye, kafin a ɗora tukunya ya yi laushi. Dalili kuwa shi ne akwai wani sinadari cikin gwanda mai tsinka furotin, watau abin da aka gina tsoka da fata da jijiya da shi. Masana suna kiran irin waɗannan sinadarai enzayim. To, jama'a, abin da ya hana ni sakat tun ranar da na ji shi a aji shi ne, ashe jikinmu ma yana ƙera nasa, kuma da su ciwon daji ke samun hanya.

A 1962 wasu masana biyu a Amurka, Jerome Gross da Charles Lapiere, suka nemi sanin inda wutsiyar ɗan kwaɗo ke tafiya sa'ad da ya girma. Irin 'ya'yan kwaɗin nan ne da muke kamawa a kududdufi da damina. Suka tarar wani enzayim ne ke narka kolajin, zaren da ke riƙe da naman wutsiyar. Yau an san danginsa fiye da 20 a jikin ɗan Adam, ana ce musu MMP. Aikinsu na alheri ne: da su rauni ke warkewa, da su ƙashi ke sake gini.

Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe cikin nono ko hanji suna zaune ne bisa wani tantani siriri, kamar darni tsakanin gida da gona. Muddin ƙari bai keta shi ba, likita na iya yanke shi a huta. A 1980 Lance Liotta da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin dajin da suka fi iya narka kolajin na wannan tantani su ne suka fi yaɗuwa. Da sun huda, sai su bi jini ko hanyar kaluluwa, su sauka huhu, ko hanta, ko ƙashi. Abin takaici ma, yawancin enzayim ɗin lafiyayyun ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da ƙarin ne ke fitar da shi, dajin ya sa su aiki. Da ɗan gari akan ci gari.

Ina kare ya shigo? Na san wani zai yamutsa fuska, amma ya yi haƙuri. Karyar da maharbi ke fita farauta da ita, in ta tsufa takan yi ƙari a nono, kuma wajen rabin irin wannan ƙari mugu ne. Da aka auna, sai aka tarar MMP-2 da MMP-9 sun fi yawa cikin mugun, kamar dai yadda aka gani ga mata. Ga shi rijiyarmu ɗaya da ita, ƙurarmu ɗaya, kuma da yake kwananta kaɗan ne, ciwon yakan nuna ƙarshensa da wuri. Don haka a ganina ɗaliban likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da 'yan'uwansu na asibitin koyarwa ya kamata su riƙa leƙa littattafan juna.

Da aka gano haka sai aka ce ai shi ke nan, a toshe enzayim ɗin. Wani kamfani a Ingila, British Biotech, ya yi magani mai suna marimastat, aka gwada shi kan masu ciwo a shekarun 1990. Bai ƙara musu kwana yadda aka zata ba, sai ciwon gaɓɓai da ya dami da yawansu, don ya toshe har waɗanda jiki ke bukata. Daga baya ma aka gane wasu cikin dangin, kamar MMP-8, tare ciwon suke yi. Kuma waɗanda aka yi gwajin a kansu, galibi ciwonsu ya riga ya yi nisa, darnin ya daɗe da faɗuwa.