Launin da Ban Duba Ba

Mako uku 'yata tana zawo kafin na kai ta asibiti. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Ga abin da na koya.

1. Ba kowane zawo ne na haƙori ba. Watanta goma sha huɗu a lokacin. Surukata ta ce haƙori ne, maƙwabta suka ce haƙori ne, ni ma na karɓa saboda amsar ta kwantar mini da hankali. Haƙoran suka fito, zawon bai tsaya ba, yarinya tana ramewa, cikinta kuma yana kumbura.

2. A duba kafin a wanke. Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, "Maman yarinya, wane launi ne kashin?" Na yi shiru. Kullum ina zubar da fo ina kawar da kai. Da na nutsu sai na tuna: fari-fari ne, mai maiƙo, mai mugun wari, yana tasowa saman ruwa. Awon kashi ya nuna giyardiya, wata ƙwayar cuta da ke shiga ta gurɓataccen ruwa, ta manne a bangon hanji, ta hana jiki tsotse maiƙon abinci, sai maiƙon ya fita yadda ya shiga. Ruwan rijiyarmu nake ba ta, da damina, ban taɓa tafasawa ba. Aka rubuta mata metronidazole, ta fara farfaɗowa.

3. Ruwan gishiri da sukari ya riga kemis. Na kashe kuɗi a kan maganin tsayar da zawo, alhali abin da take bukata tun ranar farko shi ne wannan ruwan, wato ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

4. Farin kashi na iya zama saƙo daga hanta. Wannan ne ya fi girgiza ni. Kafin likita ya sallame mu sai da ya buɗe idonta, ya tambayi launin fitsarinta. Ya ce ruwan matsarmama ne ke rina kashi; idan bai sauko hanji ba, kashi zai yi fari kamar alli, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ido ya yi ɗorawa. A yaron da ya tasa, ciwon hanta nau'in A na jawo haka. A jariri kuwa, shawarar da ta wuce mako biyu tare da farin kashi na iya nufin bututun matsarmama a toshe yake, kuma tiyatar gyaransa, wadda ake kira Kasai, ta fi yin nasara kafin jariri ya kai kwana 60. Mu kuwa a gidajenmu shawara sai a ce a jiƙa saiwa, a jira arba'in.

Da ƙanwata ta haihu bara, na je gidanta kwana biyu bayan suna. Kafin in sha ruwa na karɓi jaririn, na kai shi bakin taga inda akwai haske, na kwance masa nafkin. Kashinsa ruwan ɗorawa ne sosai. Sai a lokacin na zauna.