Kwana Uku a Bakin Tafkin Bosomtwe

Duk wanda ya taɓa sayar da albasa ya san ba ta jiran kowa. Ka bar buhu kwana uku ba ka duba shi ba, ka dawo ka tarar gindinsa ya fara ruwa. Shi ya sa in watan Agusta ya kama, 'yan layinmu a kasuwa sukan fara tsokanarmu: "To, 'yan gidan Alhaji, yaushe za a tafi kwanan daji?" Mu kuwa sai mu yi dariya, mu rage kaya, mu ja rumfa mu rufe, mu kwashi mata da yara mu nufi Bosomtwe. Shekara 30 da ɗoriya ke nan muna yi.

Ba da niyyar yawon shaƙatawa abin ya faro ba. Babanmu mutumin Galmi ne a Nijar, albasa ta kawo shi Kumasi, kuma al'adarsa in yara sun samu dogon hutu ya kai mu gida mu ga dangi. Wanda ya san hanyar ya san ba wasa ba ce: Tamale, Bolga, a tsallaka Burkina Faso, Yamai, Doso, Ƙonni, sannan Galmi. Ina ɗan shekara 9 motar da ta ɗauko masa kaya ta faɗi a hanya, jari ya tafi. Kuɗin motar mutum takwas zuwa gida babu shi. Amma ya riga ya yi mana alkawarin tafiya, shi kuwa mutum ne da ba ya son yaro ya kama shi da ƙarya. Sai ya naɗe tamfol ɗin da aka ceto daga motar, Inna ta ɗaura tukunya da garin tuwo, ya ce mu tashi. Har muka hau tirotiro muna zaton Nijar za mu.

Tafkin yana kudu maso gabashin Kumasi, tafiyar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan. Ana bi ta Atonsu, a wuce Kuntanase, daga nan hanya ta fara hawa tsakanin gonakin koko da ayaba. Ba ka ganin alamar ruwa ko kaɗan sai ka kai ƙololuwar tudu. A nan ne ƙasa take buɗewa a gabanka kamar an kafa ƙatuwar ƙwarya, duwatsu kore shar sun kewaye ta, ruwa kwance a tsakiya. Daga nan sai gangara mai lanƙwashe-lanƙwashe har ƙauyen Abono. In motarka ce, ka duba birki tun daga gida, don gangaren nan ba ya yafiya.

Siffar ƙwaryar nan tana da dalili. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi. Faɗin ruwan kusan kilomita 8 ne, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Shi ne ake kira tafki ɗaya tilo a Gana wanda ba hannun mutum ya yi shi ba, don Bolta da muke tsallakawa a Yeji madatsar Akosombo ce ta tara shi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Su kuwa masu ƙasa, Asantawa, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa, nasu labarin daban ne: wai wani maharbi ne ya biyo gadar da ya harba, ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace. Da yarensu gada ita ce otwe, bosom kuwa abin bauta, sunan ke nan.

To, a nan maganar mutane ta shigo. Da muka dawo a shekarar farko, an samu waɗanda suka tare Baba a ƙofar masallaci, wai ya kai iyalinsa ruwan tsafi, tunda masu wurin sun yi imani rayukan matattunsu kan biya ta can su yi bankwana. Baba bai ja da kowa ba. Cewa ya yi ruwa na Allah ne, shi ya yi alwala da shi ya yi sallarsa, abin da suka ce ba a yi a wurinsu bai yi ba, abin da suke bauta wa kuma bai bauta wa ba. A ganina abin da duk ɗan zango yake yi ke nan kullum a ƙasar mutane, ko a kasuwa ko a unguwa, sai dai a bakin tafkin an fi ganinsa ƙarara.

Ba ma sauka a Abono ɗin kanta, don nan ne matattarar baƙi, ranar hutun gwamnati kuwa kiɗa da shaye-shaye ba sa barin mai iyali ya sake. Mukan bi gefen ruwa mu ɗan yi gaba, zuwa gonar wani dattijo masunci da ya ba Baba wuri tun zuwan farko. Baba na ce masa Wofa, wato kawu, shi kuma yana ce wa Baba Kramo, yadda suke kiran Musulmi. Kuɗi bai taɓa shiga tsakaninsu ba: rabin buhun albasa muke kai masa, shi kuma ya sare mana nonon ayaba, ya kawo kifi. Dattijon ya rasu, ɗansa ke karɓarmu yanzu, rabin buhun ma bai canja ba. Wanda zai gwada irin tafiyar nan, kada ya ga fili ya kafa tanti kawai. Kowane taku a bakin ruwan nan da mai shi, a nemi izini, a gaida dattawan ƙauye.

Tantinmu har gobe tamfol ne, ko da yake ba na farkon ba. Gora huɗu, igiya, a raba shi biyu da zane, mata can maza nan. Duk wankin da za a yi masa warin albasa ba ya fita, har 'yata ta ce ita in ta ji warin albasa da daddare tafki take tunawa. Agusta ta dace da wannan zama, don a yankin Kumasi ruwa kan ɗan ɗauke a watan, tsakanin babbar damina da ƙarama, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi. Duk da haka an taɓa yi mana ruwan da ya sa muka kwana a tsaye, kowa riƙe da gefen tamfol. Gidan sauro kam dole ne.

Da asuba, bayan salla, abin kallo shi ne masunta. Ba kwalekwale suke shiga ba. Wani faffaɗan katako ne suke kira padua, mutum ya hau ya zauna a kai kamar mai hawan jaki, ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da hannu ko da 'yan sakaina, kwandon kifi a gabansa. Al'adarsu ce ta hana jirgi irin wanda muka sani, ko da yake yanzu akwai mai inji da ke zagayawa da baƙi. Kifin ƙananan karfasa ne, ana soya su ƙarau a ci da dokunu da yaji. Inna ba ta taɓa yarda da dokunu ba, shekara 40 tana Kumasi, tuwonta take tuƙawa a kan duwatsu uku ta yi miyar kuka da kifin.

Katakon nan ya kusa raba mu da tafkin. Ƙanena yana ɗan shekara 12 ya faki ido ya hau na wani, ya tura. Bai yi nisa ba ya kife. Ruwan Bosomtwe a kwance yake lif, ba igiya ba guguwa, shi ya sa yake ruɗin baƙo. Wani saurayi mai gyaran taru ne ya faɗa ya jawo shi. Daren nan Inna ta rantse ba ta ƙara zuwa, kuma shekara biyu ba ta zo ba. Tun daga ranar dokar gidanmu ɗaya ce: yaro ba ya wuce inda ruwa ya kai masa cibiya, kuma sai da babba a tsaye a kansa, ba a zaune yana danna waya ba.

Amma in ka tambaye ni abin da ke mayar da mu, dare ne. A Kumasi Baba kan fita kafin mu tashi, ya dawo mun yi barci. Ni ma haka 'ya'yana suka san ni. A bakin tafki ba ciniki, ba mai bin bashi, waya ma sai ta ga dama take kamawa. Bayan isha sai a hura wuta, Baba ya fara jero mana dangi: wane ya haifi wane, wa ke Galmi, wa ya tafi Abijan, gonar wa ke kusa da ta wa. Jikokinsa sun fi sakewa da Turanci da yaren Tuwi, amma a gaban wutar nan ba ya amsa wa kowa sai da Hausa. Abin da na sani na asalinmu, kusan duka a wurin na ji shi, ba a gida ba.

Bana saura kaɗan a fasa. Yayana ya zauna da biro ya lissafa abin da rufe rumfa kwana uku ke ci mana, ga mota muna jira daga Nijar, ga Baba ƙafa ta ƙi. Lissafinsa daidai ne, ban iya kushe shi ba. Muka je wurin Baba tare.

"Baba, ko bana a haƙura? In Allah ya kai mu baɗi sai a je."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kai ka zauna ka jira motarka. Ni dai a ɗora ni a gaba, a sa mini filo."

Yaya bai zauna ba. Shi ya tuƙa mu ma, yana ta ƙunƙuni har Kuntanase. A kujerar roba muka ɗauki Baba daga inda mota ta tsaya zuwa gonar, mu huɗu, muna hutawa a hanya. A dare na biyu ya fara jero dangi kamar kullum, ya kai wani wuri ya tsaya, sunan ya ɓace masa. Babbar 'yar Yaya, mai shekara 14, ita ta ƙarasa masa, ta ci gaba har ƙasa ba ta yi tuntuɓe ba. Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara itacen wuta.

Ranar komawa, muna kaiwa kan tudu wayarsa ta fara ruri. Direba ne: mota ta iso tun jiya, an sauke, buhu shida sun taɓu. Yaya ya ce a ware su gefe, ga mu nan tafe. Baba daga kujerar gaba ya ce a tsaya tukuna, a buɗe masa gilashi, yana so ya ƙara duban ruwan.