Wa Zai Gaji Magina?

Gidan ƙasa kamar dabbar turke yake, sai da kulawa. In an yi masa yaɓe kafin damina, an gyara indararo, zai kai ga jikoki. In an bar shi, ruwa ya samu ƙofa. A watan Satumba na 2024 mamakon ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19. Masu sauraro suka yi ta bugo mana waya a rediyo, kowa na cewa a sake gina shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da hannun wa?

Aikin magini ba a takarda ake koyonsa ba. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa da ƙafa, sannan ya iya mulmula tubali yana jefa wa maigidansa a kan bango. Sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya jera azara ko ya ɗaura bakan gizo. A nan yake gane ƙasar da ke tsagewa, da yadda ake haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa don kare bango.

Yau samari sun koma bulo da siminti, kuma ban ga laifinsu ba, can kuɗin yake. Sai dai siminti a jikin bangon ƙasa cuta ne. Yana kulle danshi, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana ya ɓalle da rabin katangar.

Sana'ar kuwa tana da daraja. Falke Barmu ya fara gina masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tana tsaye ne saboda ba a fasa yi mata yaɓe ba.

Shawarata ita ce, duk aikin gyaran tsohon gini a sa sharaɗi: kowane dattijon magini ya ɗauki yara biyu ko uku, a riƙa biyansu, Sarkin Magina ya shaida ranar da suka ƙware. Yaron da ya ga sana'a tana ciyar da shi zai zauna. Dattawan nan suna raguwa, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.