Na Bi Sawun Ruwa A Kan Keke

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, sai dai ba su faɗi irin abin hawan ba. Ni a kan keke na samu ɗan nawa rabon, kuma labarinsa nake so in bai wa mai karatu.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, manomin fadama ne a ƙasar Ajingi, bakin kogin nan da ya ratso Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Tun ina yaro akwai wata magana da ba ta barin bakinsa: "An ɗaure mana ruwa a sama." A faɗarsa, a da duk damina kogi kan cika ya malale fadama ya bar mata laka mai taushi, a noma shinkafa, in ruwa ya janye yara su yi ta kamun tarwaɗa a kududdufai. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sai malalen ya ragu. A 1992 kuma aka ƙara da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Har Baba ya koma ga Allah bai taɓa zuwa ya ga inda aka yi ɗaurin ba. Ya bar mini gona, da tsohon kekensa Rali, da kuma wannan ƙorafi da na gada ban bincika ba.

Keken ya daɗe a jingine a zaure. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babur ya fi ƙarfin aljihuna, sai na kai shi wurin mai gyara aka sake masa tayoyi da birki. Ina cikin hawansa ne ɗana ya nuna mini a waya yadda Turawa ke yin kwanaki suna tuƙa keke a gefen wani kanal na ƙasar Faransa mai suna Kanal-du-Midi, wanda aka buɗe tun 1681, mai tsawon kilomita 240, ya ratsa gonakin inabin da suke yin giya da shi. Na ce masa su yawon buɗe ido suke yi, ni kuwa ina da tambayar da zan kai wa ruwa. Uwargida da ta ji sai ta ce, "Haba Malam, da girmanka? Mota ta ƙare ne?" Na ce mata sannu ba ta hana zuwa.

A watan Fabrairu na 2024, saura kamar wata guda azumi, na ɗaure buta da bargo da famfo da kayan faci a kariya, na yi sallar asuba na kama hanya. Kafin hantsi na shiga Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga nan wani maƙeri mai suna Kano ya tashi neman tama har ya sauka a gindin Dala. Na ce a raina, ashe tafiya yamma ba a kaina mutanen yankinmu suka fara ba. Ranar Juma'a ce, saboda haka daga Gaya zuwa Wudil tare da masu kora shanu zuwa kasuwa muka yi ta tafiya, ina kaɗa ƙararrawa suna ba ni hanya. A kan gadar Wudil na tsaya na leƙa. Tsakiyar rani ce, amma ga ruwa yana gudu tsakanin rairayi, masu wanki da masu injin ban ruwa sun jeru. Nan na tuna Baba da kansa ya taɓa cewa da ƙuruciyarsa kogin kan ƙafe da rani, sai an tona yashi ake samun na sha. Wato madatsar da ta rage mana malale ita ce ke sako wannan. Ban taɓa haɗa maganganun biyu ba sai ranar.

Kashegari na bi hanyoyin ƙauye ta ƙasar Dawakin Kudu. Ƙaya ta huda mini taya sau biyu, rairayi ya sa na sauka na yi ta turawa, cinyoyina kuwa kamar an daka su a turmi. Amma duk inda na sauka sai an kawo mini ruwa a kwano, a tambaye ni daga ina, zuwa ina. Mai mota ba a yi masa wannan tambaya, don kafin a buɗe baki ya bar wa mutane ƙura.

Da la'asar na faɗa ƙasar Bunkure, na ci karo da kanal. Kai, jama'a, gani ya kori ji! Ruwa ne a miƙe kamar an ja shi da zare, yana rabuwa zuwa ƙananan magudanu, hagu da dama alkama da tumatur da albasa kore shar har iyakar ganin ido, daga nan har Kura da Kadawa a Garun Malam. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi zafi. Na ce ga ruwan Baba nan ana wadaƙa da shi.

A can ƙarshen wata magudana na tarar da wani manomi zaune ya zuba tagumi, tumaturinsa ya yi yaushi. Muka gaisa, na ce, "Malam, ai ku kam kun more." Ya dube ni ya ce, "Baƙo, ina morewar? Mu na wutsiya sai na sama sun ƙoshi muke gani. Kwana huɗu ke nan ina jira." Na yi shiru, domin muryar Baba na ji a bakin mutumin da na zo yi wa hassada.

A rana ta uku na isa Tiga. Ruwa ne shimfiɗe ba a hango gaɓar ƙetare. Na jingine keke a gindin wata bishiya kusa da wani dattijo mai gyaran koma. Na ba shi goro, na kwashe labarin Baba na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar ruwan ya ce, "Ɗana, ka ga can? Gidan da aka haife ni yana ƙarƙashi, da rijiyarmu, da kushewar kakannina. Tsohonka malale ya rasa, amma ƙasarsa tana nan, kana nomanta. Mu da aka tasa, sai dai mu nuna da yatsa."

Ban sami abin ce masa ba. Na yi alwala da ruwan, muka yi azahar tare, na yi wa Baba addu'a, na haɗa da mutanen da ke kwance a ƙarƙashin tafkin.

Kwana uku na sake yi a hanyar komawa. Ban dawo da cewa Baba ya yi kuskure ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma laka da kifin da ya rasa ba su dawo ba. Abin da na gane shi ne, daga Tiga har Ajingi igiya ɗaya muke riƙe da ita, kowa yana jin zafin inda ta yanke shi, bai san hannun ɗan'uwansa ma na jini ba. Da mota na hau, da dam ɗin kawai zan gani in dawo da fushina cikakke.

Yanzu in na tayar da injin ban ruwa a gonar Baba da rani, nakan tuna da dattijon nan da komarsa. Ƙorafin kuwa na yanke shawara ba zan gadar wa 'ya'yana shi haka nan ba. Keken zan ba su, in ce su je su gani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.