Wa Ke Hura Wutar?

Garin Bath yana kudu maso yammacin Ingila, tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa daga Reading inda muke zaune. Shekara huɗu muna jin abokan aiki suna zancensa amma ba mu taɓa leƙawa ba. Dukanmu biyu kimiyyar kwamfuta muka karanta, a aji ɗaya muka haɗu, rubuta manhaja ce sana'armu, kuma hutunmu yakan ƙare ne a gaban allon da muka wuni a kai duk mako. Sai da Hajiya ta zo mana jego, aka yi arba'in, ya rage saura kwana goma ta koma Kano, sannan muka yanki tikiti.

Hajiya uwa ce ga ɗayanmu, suruka ga ɗayan. Ta sauka da yaji da daddawa da busasshen ganyen darbejiya da ƙullin jar kanwa, da niyyar yi wa 'yarta abin da aka yi mata: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, a biyo da kunun kanwa mai kauri. Mun karɓi yajin da farfesun hannu bibbiyu. Ruwan muka ce a sirka shi, kanwar kuma muka ce a bari. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawo musu da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da kuma tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Muka karanto mata wannan daga waya, da ladabi gwargwadon iyawarmu. Ta saurara har muka kai aya, ta ce, "To, Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri." Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san wannan addu'ar ba amincewa ba ce. Daga ranar ta koma baƙuwa a gidan 'yarta, har izini take nema kafin ta kunna hita, don ta taɓa jin muna lissafin kuɗin gas.

A cikin wannan hali muka sauka tashar Bath Spa wata safiyar Asabar ta Fabrairu, sanyi yana ratsa safar hannu. Ginin garin kusan duk da dutse iri ɗaya aka yi, mai launin zuma, wanda ake haƙowa a tsaunukan da suka kewaye shi. Muka wuce ta gaban babbar majami'ar tsakiyar gari, wurin da aka naɗa Sarki Edgar a 973, muka shiga layin gidan wankan Rumawa da ke maƙwabtaka da ita. A ƙofa aka ce mu ajiye keken jariri, za a ara mana abin rataya shi a ƙirji. Hajiya ta dubi abin sau ɗaya, ta zaro zani da majanyi daga jaka, ta sunkuya ta ce, "Miƙo min angona." Rabon da mu ga ta yi wani abu ba tare da ta tambaye mu ba, an kwana biyu.

Daga baranda ake fara hango babban kwarmin wankan. Ruwan kore ne shar, tururi yana tashi a kansa kamar an sauke tukunyar biki. A zamanin Rumawa wurin rufe yake da dogon rufi. Da rufin ya tafi, rana ta samu shiga, gansakuka ta mayar da ruwan kore. Gumakan sarakunan Rum da ke jere a barandar ma ba tsofaffi ba ne, a ƙarshen ƙarni na 19 aka sassaƙa su. Hajiya ba ta kula su ba. Ta daɗe tana kallon tururin, sannan ta juyo ta ce, "Injiniya, wa ke hura musu wutar?"

Muka fassara mata abin da na'urar bayani ke faɗa a kunnenmu. Ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan Mendip shekaru dubbai da suka wuce, ya tsuma cikin dutse har zurfin da ya haura kilomita biyu da rabi, zafin cikin ƙasa ya dafa shi, sannan ya samu tsaga ya taso. Yana fitowa da zafin digiri 46, lita sama da miliyan ɗaya a kowace rana. Lita ba ta ce mata komai ba, sai muka buga a waya: lita 1,170,000 a raba da jarkar mai ruwa ta lita 25, jarka 46,800 ke nan. Ta ce a maimaita. Muka maimaita. Ta yi salati ta ce, "Kullum? Kuma ba mai jego ko ɗaya a ciki?"

Babu, don an hana ko tsoma yatsa. A 1978 wata yarinya ta rasu bayan ta yi iyo a ruwan, sakamakon wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi tana shiga ƙwaƙwalwa ta hanci. Aka rufe wanka a garin da sunansa ma wanka yake nufi, har sai 2006 da aka buɗe sabon gidan wanka na zamani mai tace ruwansa.

Rumawa sun shigo Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, kafin shekara talatin sun gina wurin bauta a bakin wannan marmaro, suka kira garin Aquae Sulis, da sunan abar bautar mutanen wurin wadda suka gwama da tasu Minerva. A ɗakunan ƙasa muka ga yadda suke ɗumama ɗaki. Sukan jera tubala gajeru-gajeru kamar ginshiƙai, su shimfiɗa daɓe a kai, su hura wuta a gefe, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓen su fice ta cikin bango. Yanzu daɓen ya zube, sai tubalan a tsaye. Ba mu gama fassara ba Hajiya ta katse mu. Ta ce wannan ai gado ne, irin na ɗakin kakarta a ƙauye, wanda ake tura itace ta ramin ƙasa mai jego ta kwanta a sama. Ta nuna mana da yatsa inda wuta za ta zauna, da inda hayaƙi zai bi, kuma daidai da zanen da ke jikin allo.

A nan, kan wani benci a cikin duhu-duhu, jariri yana barci a bayanta, ta ba mu labarin da ko 'yarta ba ta taɓa ji ba. Tana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta haihu da hunturu. Bayan suna ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta. Manya suka ce sanyi ne ya shige ta saboda an yi sakaci da wanka. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Ba ta kai wata uku ba. Hajiya tana 'yar shekara goma sha huɗu, ita ke ɗebo ruwan. Ta ce tun ranar da aka gaya mata 'yarta za ta haihu a ƙasar da ƙanƙara ke zuba, ba ta ƙara barci mai daɗi ba.

Ba wanda ya ce komai a cikinmu. Cutar da muka karanto mata daga waya ita ce ta bayyana mana, alama bayan alama, ita tana kiranta sanyi, likitoci suna kiranta da wani suna. Wata biyu muna gida ɗaya, mutuwa ɗaya muke tsoro mu da ita. Ba mu ce mata ƙarin wutar ne wataƙila ya ƙarasa yayarta ba. Ita ma ba ta tambaya ba, ko da yake mace ce mai kaifin hankali, kuma ta ji duk abin da muka karanta a ranar nan. Ta gyara majanyi ta ce mu ci gaba, mutane na jiran benci.

Abin da ya dawo mana da dariya wasu 'yan faya-fayan dalma ne a cikin gilashi, kusan 130 aka tono daga marmaron. Mutum in an yi masa sata a gidan wanka, sai ya karce ƙararsa a kan dalma, ya naɗe kamar laya, ya jefa wa abar bautarsu. Wani mai suna Docimedes safar hannu biyu aka ɗauke masa, ya nemi ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa. Wani kuma kuɗin azurfa shida. Abin da ya burge mu, mu masu rubuta wa kwamfuta umarni, shi ne yadda suke toshe kowace kafa tun da ba su san ɓarawon ba: ko namiji ne ko mace, ko bawa ko ɗa, ko yaro ko yarinya. Haka muke rubuta sharaɗi idan ba mu san abin da zai shigo ba, kuma mai duba aikinmu a ofis da ya ga wannan ba zai samu abin gyara ba. Hajiya ta ce ba wani sharaɗi, Allah-ya-isa ce kawai ta waɗanda ba su san Allah ba, kuma mai safar hannun nan ya cika riƙo.

Magudanar da Rumawa suka gina don fitar da rarar ruwa zuwa kogin Avon har yau ita ke aiki, bakinta ya yi ja saboda ƙarfen da ke cikin ruwan. Mu da manhajar da muka rubuta shekara biyar da suka wuce an riga an jefar an sake wata, mun ɗan tsaya a wurin fiye da sauran mutane. A ƙarshen zagayen akwai famfo na ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa, da ƙananan kofuna. Mu kurɓa ɗaya muka yi muka yamutsa fuska, ɗumi gare shi da ɗanɗanon tsatsa. Hajiya ta yi bismilla ta shanye, ta ƙara, ta cika na uku ta miƙa wa 'yarta ta ce, "Ke, shanye. Wannan dai likitocinku ba su hana ba." Aka shanye.

Sauran garin a gurguje muka gan shi. Gadar Pulteney mai shaguna a kanta, sai Royal Crescent, gidaje 30 a jere kamar jinjirin wata, da aka gama a shekarun 1770 don masu kuɗin da ke zuwa shan ruwa da caca da neman aure. Wani kaso na dukiyar da ta ƙawata garin daga gonakin rake na bayi a Karibiyan ya fito, kuma ba kowane allon bayani ne ke son faɗa ba. Mun so kai ta gidan Fairfield, inda Sarki Haile Selassie na Habasha ya yi zaman gudun hijira daga 1936 bayan Italiya ta mamaye ƙasarsa, amma gwiwarta ta ce ya isa haka. Muka yi sallah a wani ƙaramin masallaci kusa da tasha, muka shiga jirgi.

Kafin mu kai Swindon ta ciro waya ta danna saƙon murya zuwa ga aminiyarta a unguwa, da ƙarfi kamar tana tsakar gida. "Hajiya Babba, kina ji? Yau yara sun kai ni wani gari, ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa ba itace ba gawayi. Jarka dubu nawa ma, Injiniya?" Muka faɗa mata. "Dubu arba'in da shida da ɗari takwas, kullum ta Allah. Kuma Turawan da can ma da gadon wuta suke kwana, na gani da idona. In na dawo zan nuna miki hoto."