A Tambayi Ƙeya

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa na yi shekara guda cur ina neman wannan labari a ƙeya da kafaɗa da gadon baya, ba don na fi magabata hikima ba, sai don an hana ni fuskar.

Da na dawo Kano bayan hidimar ƙasa, riƙe da digiri a fannin zane daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wata huɗu na yi ina zaga ofisoshi da takardun neman aiki, har ambulan ɗin ya yi laushi kamar tsumma. Wata safiya na ɗauki fensir zan zana butar da ke tsakar gida, sai na ji hannuna ya yi nauyi, layin ya fito a karkace kamar na ɗan koyo. Abin ya tsorata ni fiye da rashin aikin. A makaranta an ba mu labarin Apelles, mai zanen Girka na zamanin da, wanda marubucin Rumawa Pliny ya ce ba ya barin rana ta faɗi bai ja ko da layi ɗaya ba. Na yanko falanki ƙanana, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, na yi wa kaina alkawari: kullum mutum ɗaya, yadda na gan shi, ba ƙari ba ragi.

Mahaifina mai ɗinkin hannu ne. Shekara arba'in yana zaune a zaurenmu yana fitar da aska biyu da aska takwas a ƙirjin manyan riguna. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka alkunya ta gina katanga a tsakaninmu tun ban san kaina ba. Bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa ɗaga ido na dubi tsabar idonsa ba. Idan na durƙusa gaisuwa, takalmansa nake gani da bakin tabarma. Mahaifiyata ce gadar da ke tsakaninmu, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa ina aji biyu a jami'a. Ranar da ya ga hoton fuskar wani maƙwabcinmu da na jingine a soro don ya bushe, bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa, ya yi magana kamar da allurar yake yi.

"An ce wani yana zana mutane. A gaya masa ya bar wa Mahalicci fuska."

Na san malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai, na kuma san wasu sun sassauta idan surar ba ta cika ba. Amma ba fatawa Baba ya nema ba, umarni ya bayar. Na ce, "To, Baba." A raina kuwa na ji kamar an ce da mawaƙi ya yi waƙa amma kada ya buɗe baki.

Gidan Makama ne ya fitar da ni. Wanda ya taɓa gwada zana mutum a kasuwar Kurmi ya san cewa Bakano ba ya tsayuwa. Kafin ka ja layin wuyansa ya sha kwana. A gidan tarihi kuwa mutum yakan tsaya cak, minti biyu ko uku, ya ba ka baya, ya manta da kansa. Ginin tsoho ne, ana danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma kaurin bangonsa yana tace haske har ya shigo a hankali, ya kwanta a kafaɗun mutane kamar mayafi. Nakan biya kuɗin shiga, in nemi lungu, in zana da fensir a ƙaramin littafi, in rubuta launukan a gefe, da dare kuma in zauna da buroshi in mayar da shi kan falanki. A lokacin hunturu fentin yakan bushe a bakin buroshi kafin ya isa inda za shi, dole na koyi yanke shawara da sauri.

A watan farko na ɗauka duk baya ɗaya ne. A wata na uku na gane ban taɓa ganin biyu masu kama da juna ba. Na ga 'yan makaranta sun yi cincirindo a gaban tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga, suna jin labarin shigowar Turawa Kano a 1903, kowa na leƙe ta kan ɗan'uwansa, ban da wani ƙaramin yaro da ya goya hannuwansa a baya kamar dattijo, bai motsa ba har malamarsu ta ja shi. Na ga wani ƙaƙƙarfan mutum a gaban sulke da lifidi, ya buɗe ƙirji bai sani ba, kamar yana auna ko kayan za su yi masa. Na ga ango da amarya da ba su taɓa juna ba, amma kafaɗarta ta karkata wajensa da faɗin yatsa biyu, kuma a wannan yatsa biyun duk hoton yake. Na gane cewa shekarun mutum a wuyansa suke, gajiyarsa a ƙafar da ya ɗora wa nauyi, kuɗinsa kuwa a yadda rigarsa ke zuba. Na gane farar shadda ba fara ba ce: inda ta naɗe akwai shuɗi, inda ta kusanci ƙasa akwai jan ƙurar Kano, kuma wanda ya shafa mata farin fenti zalla ya yi mata ƙarya.

Daga baya na koma littattafaina na makaranta, na tarar ba ni ne farkon wanda ya tsaya a bayan masu kallo ba. Wajen 1879 Edgar Degas ya zana abokiyar sana'arsa Mary Cassatt a gidan tarihin Louvre na Paris, ta ba da baya, ta dogara da lema, tana kallon abin da ke gabanta. Ba a ganin fuskarta, amma ba wanda zai kalli tsayuwar ya rasa sanin cewa mace ce da ta san abin da take kallo. Kafin shi, a 1849, Gustave Courbet ya zana wasu masu fasa dutse biyu, tsoho da matashi, da yagaggun kaya, fuskokinsu a kauce, a kan yadi babba irin wanda a da sarakuna da waliyyai kaɗai ake yi wa. Hoton ya halaka a Jamus a 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, sai hotunansa na kyamara suka rage. A Zariyar da na yi karatu ma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko sun kafa ƙungiyarsu a kan cewa mai zane ya ɗauki dabarar da aka koya masa ya dubi abin da ke ƙofar gidansu. Sai na daina jin kaina a matsayin wanda aka daure wa hannu. Gidan tarihi yana adana takobin sarki da sirdin dokinsa. Wanda ya biya kuɗin mota ya zo kallon takobin, ba mai adana shi. Na ce wannan aikin nawa ne.

Da hannuna ya yi sauri, sai na fita waje. Na zana marina a Ƙofar Mata sun sunkuya a bakin rijiyoyin baba, hannuwansu shuɗaye har gwiwa. Na zana layin masu jiran cirar kuɗi a banki, da masu jinya a barandar asibiti, da sahun masallata a filin idi. A nan girman kai ya fara shiga ta, har na soma ganin mutanen gari kamar kayan aikina. Wani ɗan dako a wata tasha ne ya sauke ni. Yana zaune a kan kurarsa yana cin rogo, rigarsa ta yage daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya, ni kuma yagewar ce ta burge ni, don hasken la'asar ya faɗa a kan fatar. Wani yaro ya tsegunta masa. Ya taso a fusace.

"Malam, me na yi maka kake rubuta ni?"

Na miƙa masa littafin ina rawar murya. Ya daɗe yana dubawa. Fushin ya sauka, wani abu da ya fi fushi nauyi ya maye gurbinsa.

"Ni ne kam," in ji shi. "Amma har yagewar sai da ka sa? Ina da ta kirki a gida, ta Juma'a."

Ban sami amsa ba. An koya mini cewa gaskiya ita ce darajar irin wannan zane, ba a koya mini cewa gaskiyar wani amanarsa ce ba. Mutumin nan ya fito neman rufin asiri, ni kuma na zo da fensir ina yaye shi, ina kiran abin fasaha. Na yage shafin na ba shi. Tun daga ranar, duk wanda na zana sai na bi shi na nuna masa. In ya ce a'a, shafin nasa ne. Ban daina zana yagaggiyar riga ba, domin akwai ta a gari, amma na daina zana ta don ta yi wa hotona ado.

Wata Asabar bayan Babbar Salla, ina lunguna a Gidan Makama kusa da ɗakin da aka shirya irin na amaryar da, mai gado da jeren kwanuka da tasoshi, sai wani dattijo ya shigo ta ɗaya ƙofar ya tsaya a gabansa. Haske na bayansa kaɗan ne, rigarsa sabuwa ce mai ruwan toka. Na fara da layin kafaɗa kamar kullum. Ta dama ta fi ta hagu sauka. Wuyan ya zurma cikin riga, doron ya tasa, kan ya miƙa gaba kamar na mai neman abu a cikin hazo. Ya matsa kusa da jeren har na ce zai taɓa, sa'an nan ya ja baya, ya sake matsowa. Bai yi minti uku irin na kowa ba. Ya fi minti goma. Na samu sarari har na zana tambarin da aka ɗinka a bayan rigar, na rubuta a gefen shafin: tsoho, zai yi shekara 75, ba ya gani sosai. Ina cikin murnar na samu hoton da ya fi na kowace rana, sai ya juyo.

Baba ne. Shekararsa 61.

Na durƙusa a inda nake, littafin a buɗe a hannuna. Na zana baƙi fiye da ɗari biyu, na san yadda kowannensu ke ɗaukar nauyin jikinsa, amma mutumin da nake kwana gida ɗaya da shi ya tsufa da shekara goma sha huɗu a gabana ban gani ba. A zuciyata har lokacin bayansa shi ne wanda nake bi zuwa masallaci ina ɗan shekara bakwai, miƙaƙƙe kamar azara. Ban tambaye shi abin da ya kawo shi ba, shi ma bai faɗa ba. Daga baya Gwaggo ta gaya mini cewa ya daɗe yana tambayar inda yaron nan ke wuni. Abin da ya tsayar da shi a gaban jeren kwanukan kuwa ba sai an gaya mini ba. Irinsu ne aka jera wa mahaifiyata.

Ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya kai shi dab da hancinsa, ya nisanta shi, ya sake kusantowa.

"Wannan tambarin ba haka yake nadewa ba," in ji shi. "An tauye masa zagaye ɗaya."

Ya yi shiru. Sa'an nan, a hankali, ba da ni ba kuma ba da kowa ba: "Ashe haka bayan ya koma."

A daren na yi hoton a kan falanki, na cika zagayen da na tauye. Amma rubutun gefen shafin ne ya hana ni barci, domin hannuna ya rubuta abin da idona ya ƙi gani shekara da shekaru. Na tuna cewa tun bara ƙanwata ce ke zura masa zare a allura, na tuna manyan rigunan da ya mayar wa masu su ya ce aiki ya yi masa yawa. Da safe na roƙi Gwaggo ta yi masa magana, don ni ba zan iya ba. Bayan mako biyu muka je asibitin ido, likita ya ce yana ce ta rufe duka biyun, ta dama ta fi nisa. An yi masa aiki a ɗaya, muna jiran lokacin ɗayan. Rabin kuɗin daga ƙananan falankan nan ya fito, waɗanda wani mai shagon kayan ado ya saya guda talatin a lokaci ɗaya.

Har yau ban sami aikin ofis ba, kuma har yau ban zana fuska ba. Alkunya tana nan inda take. Bai kira sunana ba, ban dubi idonsa ba. Sai dai yanzu, kafin in fita Gidan Makama, nakan zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki, inda yake ba ni baya yana fuskantar hasken titi, in buɗe littafina. Ya san ina wurin. Wani lokaci, idan ya ji fensir ya tsaya, yakan gyara zama ya koma daidai yadda yake, ya riƙe allurar a sama, har sai ya ji na ci gaba.