Ƙota da Hannun Mai Ita: Kwana Uku a Ƙasar Yauri

Ranar da zan bar Kaduna, yayana ya rako ni tasha da tambayar da ta kwana biyu tana cin sa. Tun da ya ajiye aiki ya kama wasan ƙwallon lambu, wanda ake kira golf, yanzu kuma yana son sababbin sandunan ƙarfe. Abokan wasansa sun ce kada ya ɗauko na kanti, ya biya a auna shi tukuna: tsayinsa, faɗin tafinsa, ƙarfin bugunsa. "Kai da kake yawon duniya," in ji shi, "wannan awon gaskiya ne, ko dabarar cin kuɗi ce?" Na ce, "Yaya, bari in dawo."

Noman albasa ne ya kai ni Yauri. Muka bi ta Kontagora, muka shiga Yelwa da la'asar sakaliya, hayaƙin bandar kifi ya tare mu tun kafin mu hangi ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungu da yawa, aka tashi dubban mutane, ciki har da Gungawa, aka sake musu matsuguni. Amma duk shekara idan tafkin ya ja da baya yakan bar ƙasa mai danshi, a nan manoma ke duƙawa daga hantsi har rana ta yi sanyi. Wanda ke yini a duƙe ba ya wasa da fartanyarsa.

Washegari wani manomi da nake hira da shi ya ce in raka shi maƙera. Na zata zai zaɓi ɗaya cikin waɗanda aka jingine a bakin rumfa. Sai na ga ya kwance tsohuwarsa daga bayan babur ya miƙa wa maƙerin, dattijo mai furfura, jikansa na jan zuga-zugi a gefe.

Dattijon bai tambaye shi komai ba. Ya juya fartanyar a hannu, ya bi bakinta da babban yatsa. Gefe ɗaya ya cinye sosai, ɗayan da sauransa. Ya duba ƙotar, inda gumi ya mai da icen baƙi yana sheƙi, kusan taƙi guda ƙasa da inda ya kamata hannu ya zauna. Sannan ya ce, "Tashi ka sari ƙasa in gani." Sara uku kawai.

"Bayanka na damun ka da dare?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Ba tsufa ba ne. Wannan ta buɗe baki da yawa, ƙotar kuma ta fi ƙarfin hannunka, shi ya sa kake runtse ta."

Ya zaro ruwan sabuwa, ya cusa tsininta cikin gawayi har ya yi jajir, ya ɗora a uwar maƙera, ya yi mata bugu huɗu ko biyar, ya karkato ta kaɗan, kaɗan ɗin da idona bai isa ya gane ba. Ya auna ƙotar marke da kamun manomin, ba nasa ba, ya datse. Da ya soka tsinin mai zafi cikin kan ƙotar, farin hayaƙi ya tashi da ƙauri, ƙarfe ya ci wa kansa mazauni. Manomin ya sake sara. Wannan karon bakin ya kwanta gaba ɗaya, ƙasa ta tashi a shimfiɗe.

Nan take yayana ya faɗo mini a rai, domin abin da masu awon sandar ƙwallon lambu ke yi ke nan. Sukan manna ƙyallen gam a gindin sandar, mai wasa ya buga a kan wani allo. Idan shaidar gogar ta fito wajen yatsar sandar ko wajen dunduniyarta, ba a tsakiya ba, to kwanciyarta ba ta dace da tsayuwarsa ba, kuma ƙwallo za ta riƙa kaucewa dama ko hagu kome ƙwarewarsa. Sai a lanƙwasa wuyan ƙarfen digiri ɗaya ko biyu. Kamfanin Ping na Amurka, wanda Karsten Solheim ya kafa, tun shekarun 1970 yake ɗiga launi a kan sandunansa don nuna wace kwanciya ta dace da wa. Su da allo da na'ura, dattijon Yelwa da babban yatsa, amma dukkansu tsohon sawu suke karantawa.

Na tambaye shi, to me ya sa yake ƙera na jinginewa, tunda awo ya fi? Ya ce mai ƙwadago na kwana biyu, ko mai lambun bayan gida, me zai yi da awo? Kuɗin ya ɗara, ga jira. Ya ɗauki ta kasuwa ta ishe shi. Wannan gaskiyar ta burge ni, don mai son kuɗinka kawai ba zai faɗe ta ba.

A Wara, hedikwatar Ngaski, na ji sauran rabin zancen. Jiragen inji sun karɓe jigilar kasuwa, amma mai duba kalli a ƙaramin kwalekwale har gobe da filafili yake tafiya. Wani tsohon masunci ya nuna mini nasa, mariƙin ya lotsa daidai yatsunsa. Yaransa kuwa kowanne ya samu shi yake ɗauka. Ya ce ba a sassaƙa wa yaro nasa na kansa sai kafaɗarsa ta tsaya, tuƙinsa ya zama iri ɗaya. In ka auna shi yau, baɗi wani mutum ne.

Shanga ban daɗe ba, rabin yini ne. Can ma na lura fartanyar tudu mai yashi daban, ta fadama mai laka daban, ta mata kuma ta fi sauƙin ɗauka.

Ra'ayina ya tsaya tun kafin in bar bakin ruwa. Wanda bai daɗe da fara wasa ba, bugunsa na yau daban na gobe daban, asarar kuɗi zai yi. Wanda hannunsa ya faɗa, yake fita fili a kai a kai, awon ya cancanci kuɗinsa, muddin mai awon zai kalli bugunsa, ba aljihunsa ba.

A hanyar komawa, da muka tsaya sallar azahar a Kontagora, na kira shi.

"Yaya, shekara nawa ke nan kana wasan?"

"Huɗu. Sau uku a mako."

"To ka je a auna ka. Amma ka tafi da tsofaffin sandunanka, kuma kada ka bari kowa ya goge su. In mutumin bai fara juya gindinsu ya duba ba, ka ɗauko kayanka ka fito."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya faɗa maka haka?"

Direba ya danna oda, na ce sai na iso.